Ƙauyen Shaida

Zango, Sokodé
6 ga Mayu, 2024

Zuwa ga 'yata Zénabou,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya. Mu nan sai godiya. Uwargidana Daada tana gaishe ki, ƙafarta ta yi sauƙi, har kasuwa take zuwa. Ni kuwa kunnen nan ya ƙarasa. Shekaranjiya aka miƙo mini waya, na yi ta cewa "madalla, madalla" har mutumin ya kashe, ashe rasuwar wansa yake gaya mini. Tun ranar na sallama waya. Sai ki yi haƙuri da rubutun tsohon mahauci. Bukari direba zai riƙa ajiye miki a tashar Dapaong.

Uwarki ta ce kin koma arewa kina karatun zama dokta, amma ba ta allura ba, ta abinci. Na yi dariya har na ƙware. Shekararki talatin da ɗaya kina lekol, makarantar boko, don ki gano cewa yaro in bai ci ba ramewa yake! Da rumfata kika zo da na gaya miki wannan kyauta, in haɗa miki da tsire. To amma ni da uwarki 'ya'yan wa da ƙani ne, abin da ya ɗaga ki ya ɗaga ni. Allah ya ba da sa'a.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kin san ƙanwarki Nafissatou, autata, tana aure a Najoni, can bayan Tandjouaré, gidan Alassani mai shanu. Ɗanta Jamilu yanzu wata goma sha huɗu. An yaye shi ba shiri, saboda dalilin da ku mata kuka fi ni sani. Ta gaya wa Daada a waya cewa tun yayen yake zawo, ba ya son koko, wuyansa ya yi tsawo. Hankalina bai kwanta ba. Na yi niyyar in sa Bukari ya ɗauko su su zo Sokodé, nan ga nama, ga asibiti a bakin ƙofa. Sai Daada ta ce ga mai ilimin abin can kusa da su, a tambaye ta mana. Don Allah ki je ki gan shi da idonki, ki rubuto mini gaskiya: in ɗauko su ko in bari?

Naki,
Kawu Huseini

*

Dapaong
14 ga Mayu, 2024

Kawu,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarka, na yi murna ƙwarai. Allah ya ƙara wa Daada lafiya, kai kuma ya buɗe kunnen, ko don ka ji ranar da za a kira ni dokta. Ni lafiya lau, sai zafi da yawon ƙauyuka. Zancen tsire kuwa na riƙe, ba zan yafe ba.

Ka yi mini dariya, to bari in rama. Kai idan aka kawo maka rago, hannu kake ɗorawa a gadon bayansa ka san abin da ke ciki. Ni ma haka nake yi, sai dai da igiyar awo. Wata 'yar siririyar roba ce mai launi uku, ana naɗa ta a damtsen yaro. In ta tsaya a kore, lafiya. In ta tsaya a rawaya, a sa ido. In ta tsaya a ja, asibiti nan take. Ka ga sana'armu ɗaya ce, ni dai ba na yanka.

Aikin da zan rubuta tez ɗina a kansa, wato littafin kammala karatun dokta, shi ne gwajin wani gari da muka haɗa da gero, waken soya, gyaɗa da ƙananan kifi, don kunun yara a lokacin damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa. An zaɓi ƙauyuka goma sha biyu, kuma ka ji ikon Allah, Najoni tana ciki. Ita ta faɗa cikin waɗanda ake kira temwan da Faransanci, wato ƙauyukan shaida. Da su ne za a tabbatar ko garin yana aiki.

Ranar Lahadi na je. Nafissatou ta rungume ni har da hawaye, surukarta ta kama mini zabuwa. Na ga Jamilu. Kawu, yaron nan goshinka ya kwaso, har da hararar. Ya kama igiyar ya sa a baki, da ƙyar na ƙwace. Damtsensa ya tsaya a rawaya, bai kai ja ba. Na nuna wa Nafissatou yadda za ta haɗa ruwan gishiri da sukari, na ce ta riƙa sa masa ƙuli-ƙuli a koko. Na sa shi a littafina, duk bayan mako shida zan koma in auna shi.

Zancen ɗauko su, kai ne uba, kai za ka yanke.

Mako mai zuwa zan gangara Lomé, furofesana yana nemana. A gaida mutan Zango.

'Yarka,
Zénabou

*

Zango, Sokodé
22 ga Mayu, 2024

'Yata Zénabou,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya. An yi ruwa jiya har ya shigo zaure.

Na karanta takardarki sau uku, na ukun a bakin masallaci da ƙarfi, kin san kurma ba ya sanin tsawon muryarsa. Na janye dariyata. Ƙauyen shaida! Zénabou, ni na san shaida. Shekara arba'in ina tsayawa shaida a kara in za a sayar da saniya, ga ɗaurin aure ba adadi. Ba a ɗauko kowane kare da doki a ce ya yi shaida. Mutumin da aka yarda da shi ake nema, a zaunar da shi a gaba, goro ma shi ake fara miƙa wa. Cikin ƙauyuka goma sha biyu a ce garin da jikana yake shi ne shaida, na san da hannunki a ciki, ko ba ki faɗa ba. Allah ya yi miki albarka. Zumunci ke nan.

Saboda haka na yanke. Na sa Daada ta kira Nafissatou ta ce ta zauna daram, kada ta motsa. Wauta ce in janye yaro daga inda gari zai same shi har gida, ga dokta a kansa, in kawo shi Sokodé ya sha romon tsoho. Bukari ma na ce ya bari. Nafissatou ta ce e, ranar da aka sa ta dangwala hannu a takardar aikinku an ce musu garin zai zo, amma daga baya. Na ce a gaya mata manya ba sa gaggawa.

Yaushe ne daga bayan? Ki rubuto mini ranar, in sa Daada ta sanar da ita. Ga kilishi nan a ƙunshe, ki ci rabi, rabi ki daka wa mai goshina.

Kawunki,
Huseini

*

Zango, Sokodé
19 ga Yuni, 2024

Zénabou,

Barka da Sallah, ko da yake ke ba ki ce mana ba. Mun yi layya lafiya. Hannuna ya fara rawa, bana rago ɗaya kawai na feɗe na zauna.

Mako huɗu ke nan ba amsa. Daada ta kira ki sau biyu, kin ce kina cikin taro za ki kira, har yau tana jiran taron ya tashi. Na sani tsoho da takarda abin gajiya ne, amma ba gaisuwa nake roƙo ba. Tambaya na yi miki.

Gari bai zo Najoni ba. Nafissatou ta ce tana ganin farar mota tana wucewa ta kan hanya zuwa ƙauyen gaba, ba ta tsayawa. Na ce ta kira ki, ta ce kunya take ji, kada ki ce ta cika naci. Alassani kuma ya bi shanu kasuwar Mandouri tun kafin Sallah.

Akwai labarin da aka ce mai daɗi ne. Surukarta ta karɓi wayar ta ce wa Daada, da irin Hausarta: "Ku daina damuwa, yaro ya yi ƙiba, kumatu ya cika, ƙafa ya cika, Nafissatou ma ya daina kuka." Daada har ta yi guɗa. Ni ban yi ba. Na sa a tambaya ko ya fara ci, aka ce a'a, koko ma ture shi yake, kwanciya kawai yake so, gashinsa ya yi ja-ja.

Ban yi lekol ba, Zénabou, amma dabbar da ta daina kiwo kuma jikinta ya cika, ba na sayenta. Na sha yanka irinta, ruwa ne a ciki. Na gaya wa kaina mutum ba dabba ba ne, kuma ke kin auna shi, da akwai abin tsoro da kin faɗa. Da wannan nake lallashin zuciyata, amma ba ta jin lallashi. Ki amsa mini, ko layi biyu ne.

Huseini

*

Asibitin Dapaong
29 ga Yuni, 2024

Kawu,

Ina gaishe ka. Ban san yadda zan ce muna lafiya ba. Na kira Daada ta san inda muke, amma na roƙe ta ta bar mini sauran in rubuta maka da hannuna, don ni na ɓata.

Ranar Talata na dawo daga Lomé, na tarar da takardunka biyu a tasha, ɗaya a kan ɗaya, kilishin har ya yi fumfuna. A tsaye na karanta su.

Kawu, shaida a wurinmu ba shaidar kara ba ce. Ƙauyuka goma sha biyun nan ƙuri'a aka jefa aka raba su biyu. Shida ana ba yaransu gari. Shida ba a ba su komai sai awo da nasiha, don a ƙarshe a gwada waɗannan da waɗancan a ga bambanci. Waɗanda ba a ba su ɗin, su ne shaida. Garinsu sai an gama aikin, bayan girbi. Ba ni na zaɓi Najoni ba, kuma ba girmamawa ba ce.

Na san haka lokacin da nake rubuta maka. Na ga kalmar tana da kyau a baki, na bar ta haka, don na ji nauyin in ce maka jikanka yana cikin waɗanda ba za a ba su ba. Da ka tambaye ni ko ka ɗauko su, amsar tana bakina: ɗauko su. Amma a makon nan yara tara sun fita daga littafina, iyayensu sun yi ƙaura, furofesa ya ce in aka ci gaba da haka aikin shekara uku ya rushe. Sai na ce kai ne uba. Na tura maka hukunci, na ɓoye maka abin da za ka yi hukuncin da shi.

Abin da ka hango daidai ne, kumburi ne. Igiyata ma ba ta kama shi, don hannu yana cika da ruwa. Daga tasha na kira Nafissatou na ce ta danna babban yatsa a bayan ƙafarsa ta ƙirga uku. Ta ce, "Yaya, rami ya zauna, bai tashi ba." Na hau zemijan, wato babur ɗin haya, nan take. Muka tarar rafin da ke gaban Najoni ya kawo, ba babur ba, ko jaki ba ya hayewa. Kwana biyu ina zuwa bakin ruwan ina komowa. Ina hango rufin gidajensu. Jiya ruwan ya ja, wani ƙanin Alassani ya ɗauko yaron a kafaɗa, Nafissatou tana biye da cikinta, ruwa har ƙugu.

Yanzu yana kwance a gabana. An sa masa roba a hanci ana ɗura masa madara kaɗan-kaɗan. Ma'aikatan suna iya ƙoƙarinsu. Duk abin da suke yi na san sunansa da dalilinsa, na ci jarrabawa a kansa, kuma ba abin da zan iya ƙarawa sai korar ƙuda. Bai ko harare ni ba.

Ka yi masa addu'a. Ni ban ce ka yafe mini ba tukuna.

Zénabou

*

Zango, Sokodé
2 ga Yuli, 2024

Zénabou,

Na gani. An yi masa addu'a a masallaci bayan la'asar. Ban iya ɗaga kai ba, don mutanen da na karanta wa takardarki ta farko su ne suke cewa amin.

Na so in taho, Daada ta ɓoye takalmana, ta ce hawan jinina ba zai kai ni garin Kara ba, balle Dapaong. Ita za ta biyo Bukari gobe. Ni ga ni zaune a zaure, ba na ji, ba na zuwa, sai in kalli bakin duk wanda ya shigo.

Abu ɗaya nake juyawa. Ban gane ƙuri'arku ba, ban kuma ce ku mugaye ne ba. Amma garin nan a hannunki yake. Me ya hana ki sa ƙulli ɗaya a jaka ki miƙa wa ƙanwarki a bayan ɗaki? Wa zai gani? Ba faɗa nake ba, so nake in gane.

Huseini

*

Dapaong
9 ga Yuli, 2024

Kawu,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya haƙuri? Allah ya sa mai ceto ne. Na san an gaya maka tun ranar Alhamis. Da hantsi Jamilu ya cika, a cinyar Daada. An kai shi Najoni, Alassani ya iso ana gab da sallatarsa.

Ka tambaye ni, zan amsa. Ranar da na fara auna shi, garin yana cikin motar da na zo da ita, a ƙofar gidansu, na ƙauyen gaba ne. Na tuna da shi har sau biyu ina zaune a tabarmarsu. Amma na sa hannu a takarda cewa ba zan yi ba. An koya mana cewa in aka ba yaro ɗaya a ɓoye, awon ya zama ƙarya, kuma da awon nan ne za a shawo kan masu iko su raba garin ga dubban yara. Na yarda da wannan, har yanzu ban iya cewa ƙarya ne ba. Na ce a raina rawaya ce, zai kai mako shida. Na ci zabuwarsu na tafi.

Abin da ya fi ci mini rai, garin yana aiki, Kawu. Yaran ƙauyukan da ake ba su, damtsensu yana cika. Kuma ana ganin haka ne sarai saboda akwai irin su Jamilu a ɗaya gefen. Jiya na buɗe littafin in rufe layinsa. Ba suna a ciki, doka ta hana, don a tsare sirrin mutane. T-63 ne. T ɗin temwan. Akwai ɗan akwati da ake sa alama a ciki in yaro ya rasu, na kasa.

Da zan baro Najoni, Nafissatou ta rako ni har bakin rafi. Ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na ji sauƙi. Ta dafa cikinta ta ce, "Yaya, in garin ya zo, a ajiye ma na ciki nasa."

Na rubuta wa furofesa cewa zan ajiye karatun, ban aika ba tukuna. Ban san abin da zan yi ba. Ko tsayawa ko tafiya, ba wanda zai dawo da shi.

Zénabou

*

Zango, Sokodé
16 ga Yuli, 2024

'Yata,

Haƙuri sai ma'abocinsa, mun gode. Daada ta dawo lafiya, ta rame. Masu gaisuwa sun fara raguwa.

Ba zan yi miki ƙarya ba, ban huce ba. Wata rana ina jin haushinki, wata rana haushin kaina, don na gane alamar ruwa a jikin yaron tun lokacin Sallah, na zauna ina jiran takarda. Ni da na ƙi sayen dabba a kan haka. Jibi Bukari zai je ya ɗauko Nafissatou ta haihu a nan. Wannan karon ban tambayi kowa ba.

Kwana bakwai ina tauna kalmar nan taku. Da farko na ce Nasara ne bai san shaida ba. Daga baya na tuna tsayuwata a kara. Goron da ake miƙa mini ne ya rufe mini ido. Gaskiyar ita ce shaida ba ya tafiya da saniyar, ba ya sha nononta. Tsayawa yake a rana ya gani, don ranar da gardama ta tashi a kira shi ya faɗa. To, ashe kalmar ba ta yi ƙarya ba. Jikana ya tsaya muku.

Saboda haka ki yaga takardar da kika rubuta wa furofesan. In kika ajiye karatun, an tsayar da yaron a rana, aka tashi kasuwa ba a tambaye shi abin da ya gani ba. Wannan ba zan yafe ba. Ki gama, ki kai musu, su raba garin, na cikin Nafissatou ya samu nasa.

Amma abu ɗaya. A shekara arba'in ban taɓa ganin an kira shaida da lamba ba. Sunansa ake kira, da na ubansa, da garinsu. Kin ce dokarku ta hana rubutawa. Ban san dokarku ba, ba zan sa ki karya ta yanzu da ba ta da amfani a gare shi ba. Uwarki ta ce akwai ranar da za ki tsaya gaban manyan malamai a Lomé ki kare littafin da baki. Ni kakansa ne, na ba ki izini. Kafin ki fara lissafinki, ki ce: Jamilu ɗan Alassani, na Najoni, wata goma sha shida.

Zan zo ranar, ko Daada ta ƙona takalman. Ki sa a ajiye mini kujera a layin gaba. Ba zan ji komai ba, bakinki zan kalla.

Kawunki,
Huseini